Toka, Madara da Auta: yadda cincila uku suka kasa zama a keji ɗaya

Wannan lamarin na cincila uku ne, wato wata 'yar ƙaramar dabba mai laushin gashi dangin ɓera da ake kiwo a gida, dukansu mata, na wata ƙanwata, kuma na ga ya kamata in rubuta shi daga farko har inda ya tsaya saboda irinsa yana yawan faruwa da masu kiwon dabbar nan, kuma kusan kullum wadda ba ta da laifi ake ɗora wa laifin. Ni ma na daɗe ina kiwonsu shi ya sa ta neme ni, amma fa ni ba likitar dabbobi ba ce, duk abin da ya shafi magani likita ne ya yi, nawa dai sa ido ne da karantar halin kowacce.

Yadda suke kafin matsala ta taso

Biyu ta fara ajiyewa, Toka da Madara, tare suka taso tun suna ƙanana, keji ɗaya suke kwana ɗaya suke tashi, ba a taɓa jin kansu ba. Amma halinsu ko kusa bai zo ɗaya ba.

Toka irin kalar nan ce da aka fi sani, ruwan toka da farin ciki a ƙasa. Ba ta zama wuri ɗaya sam. Da ta ji an taɓa ƙofar ɗaki ta taso ta riƙe wayar keji da hannu biyu tana leƙe, in an buɗe ita ce ta farko a waje, ta hau miki cinya ta hau kafaɗa ta ja miki ɗankunne ta dira, ta kwasa da gudu ta taka bango da ƙafa ta juyo, duk cikin ƙiftawar ido. Komai ta gani sai ta ɗana masa haƙori, takalmi ne, littafi ne, ƙafar kujera ce. Da daddare in ta ji wani sauti da ba ta gane ba sai ta kama wani irin haushi gajeru gajeru a jere har sai kowa ya farka. Amma ba ta yarda a riƙe ta, ita ce za ta zo wajenki, in kika kai hannu kika kama ta sai ta zille.

Madara fara ce mai ɗan duhu a kunne, ta fi Toka jiki. Ita kam ta samu kantar katako ɗaya ta zauna ta lumshe ido shikenan. In aka sosa mata ƙarƙashin haɓa sai ta karkatar da kai ta ɗaga hannu ɗaya sama don a kai har ƙirji. Duk baƙon da ya zo ita yake so, ita ake ɗauka a hoto, ƙanwata kuma mai haƙuri take ce mata.

Daga baya aka kawo Auta, ƙarama ce ba ta gama girma ba, kalarta ƙasa ƙasa mai haske, kunnenta ruwan hoda. Tun ranar farko an ga matsoraciya ce. In an shigo ɗaki sai ta shige akwatin ɓuya ta bar hanci kawai a waje, in an miƙa mata abu sai ta miƙo wuya iya tsawonsa ƙafafun baya na nan a cikin akwati, ta fizge ta koma. Kuma gaskiya ƙanwata ta bi ƙa'ida wajen haɗa su, ta ware Auta a wani ɗaki kusan wata guda don a tabbatar ba ta zo da wata cuta ba, sannan ta jera kejin biyu kusa da juna suna jin ƙanshin juna, sannan ta fito da su a wurin da ba na kowa ba. An ɗan yi guje guje, an shinshini juna, ba a yi faɗa ba. Sai ta haɗa su ukun a babban keji.

Abin da ta kira ni a kai

Bayan 'yan makonni ta kira ni hankalinta a tashe, ta ce Yaya dan Allah ki zo ki ga Toka, ta addabi yarinyar nan, kullum cikin bin ta take, na fara tsintar gashi curi curi a ƙasan keji, ni dai na yanke shawara zan raba Toka da su in ma ya kama in ba da ita. Na ce mata ki dakata tukunna kar ki ba da kowa, bari in zo.

Abin da na fara dubawa ba faɗan ba ne, zafin ɗakin ne. Cincila dabbar duwatsun Andes ce a ƙasar Chile, wuri mai sanyi da bushewa, gashinta kuma ya yi cikar da daga rami ɗaya na fata gashi sama da 50 ke fitowa, ba ta gumi kamar mu, saboda haka in ɗaki ya wuce digiri 25 ta fara shiga wahala, in ya kusa 30 kuma rai ake magana. Cincilar da zafi ya dama takan kwanta a gefe ta yi laushi ta ƙi abinci, kunnenta ya yi ja jijiyoyi su fito. To a nan esi na aiki, ma'aunin zafi na nan a bango, kunnen Auta lafiya lau. Na cire wannan.

Sai na ɗauki Auta. Tun kafin a ɗora ta a sikeli hannuna ya gaya min ta rame, don gashin nan yana ruɗi sosai, ki ga dabba ɓul ɓul a ido amma in kin shafa bayanta ki ji ƙashi. Babbar cincila takan kai tsakanin giram 400 zuwa 800, Auta ba ta kai girma ba dama, to amma a shekarunta hawa ya kamata nauyinta ya dinga yi, shi kuwa sauka ya yi in aka gwada da ranar da aka kawo ta. A gefen cinyoyinta duka biyu gashin ya yi gajere ya yi duhu kamar an datse saman, wannan ba aikin wata ba ne, ita ce ke cin gashin kanta, kuma cincila na yin haka in damuwa ta yi mata yawa. Na duba lungun da take ɓuya na ga kashinta ƙanana ƙanana busassu, ba irin dogayen nan masu sheƙi na lafiyayyar cincila ba. Wato ba ta cin ciyawa yadda ya kamata.

Ga kuma Toka a gaban idona ta bi ta da gudu zagaye ɗaya ta hau bayanta ta sauka. Ƙanwata ta ce kin gani ko Yaya, kullum haka take yi. Na gani ɗin, amma abin da na gani bai yi min kama da zalunci ba. Toka ba ta kai baki ba, ba ta kaɗa haƙora ba, da ta sauka sai ta manta da zancen ta tafi tana gwaguyar katako, Auta ma ba ta gudu can nesa ba, nan kusa ta tsaya tana gyara gashin bakinta. Hawan baya a wajensu magana ce ta waye babba waye ƙarami, mata ma suna yi wa junansu, in ƙaramar ta yarda magana ta ƙare. Madara kuwa duk wannan abin tana kan kantarta ido a lumshe.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne inda kantar take. Daidai saman ma'ajin ciyawa take, kuma ma'ajin ɗaya ne tal a kejin.

Abin da kyamara ta nuna

Matsalar sanin halin cincila ita ce lokacin da muke kallonsu ba shi ne lokacin da suke rayuwarsu ba. Da rana barci suke, sai gab da magariba su tashi, su yi ta harka cikin dare har wayewar gari. Duk abin da ƙanwata ta sani game da su ta san shi ne a ɗan lokacin da take ɗakin fitila a kunne, kuma in mutum na ɗaki kowacce da fuskar da take nunawa. Na ce ta saka ƙaramar kyamara mai gani a duhu ta fuskanci ma'ajin ciyawa da kwanon abinci, kar ta canza komai a kejin.

Abin da muka kalla ya sa ƙanwata ta yi shiru ta kasa magana. Da an kashe fitila Madara take saukowa ta zauna a bakin ciyawa. Toka ta zo ta ja tsinke ɗaya ta tafi da shi can ta ci, Madara ko kallonta ba ta yi. Auta ta fito a hankali tana tafiya tana tsayawa, da ta kusa sai Madara ta miƙe tsaye kan ƙafafun baya tana kaɗa haƙora, in Auta ba ta juya ba ta feso mata fitsari a fuska, kuma matan cincila sun iya saitin wannan abin sosai. Sau da yawa iya nan ake tsayawa. Amma akwai inda Auta ta yi ƙarfin hali ta ja ciyawa, sai Madara ta bi ta ba irin bin Toka ba, kai a ƙasa, ba wasa ba tsalle, ta tura ta lungu ta kai mata baki a ƙugu, Auta ta saki gashi ta tsere, Madara ta tsaya da curin gashi a baki ta tofar ta koma mazauninta. Lumbu lumbu wutar ƙaiƙayi kenan. Gashin da ake tsinta da safe ana cewa Toka ce, ga inda yake fitowa.

Wani abu kuma da ba wanda ya taɓa gani da rana, can wajen asuba Toka ce ke shiga akwatin Auta ta kwanta a jikinta tana ɗan ciccije mata gashin kunne da wuya a hankali, wanda shi ne yadda suke yi wa wadda suka yarda da ita.

A nan ina so in tsaya in kare Madara, don ƙanwata da ta ga haka sai ta juye gaba ɗaya ta fara cewa ashe muguwa ce, ni kuma ban yarda da wannan kalmar a kanta ba. Dabbar nan ba ta daɗe a hannun mutum ba. A shekarar 1923 ne wani injiniyan haƙar ma'adinai ɗan Amurka, Mathias Chapman, ya kai guda 11 California daga Chile, daga nan kiwonsu ya fara bazuwa, kuma don gashinsu aka dinga kiwonsu shekara da shekaru, kyan fata ake zaɓe ba sanyin hali ba. Shekara ɗari ke nan da 'yan kai, wanda ba komai ba ne in aka gwada da kare ko kyanwa. To duk halin dawa yana nan a jikinsu. A can gida garke garke suke zama a cikin ramukan duwatsu, mata sun fi maza girma kuma su ke da iko, wadda aka kora tana da inda za ta koma ta samu wani ramin da wata ciyawar. A keji ba inda za ta je. Madara abin da jininta ya gaya mata take yi, wato tsare wurin abinci. Ta bar Toka ne saboda Toka ba ta taɓa neman wurin zama ba, ɗauka take ta wuce. Auta kuwa saboda tsoro so take ta tsaya kusa da ciyawa a lungu ta ci a ɓoye, wannan kuma a idon Madara neman wuri ne.

Sakin gashin ma daga can ya samo asali, in mujiya ko dila ya cafki cincila sai ta bar masa gashi a baki ta tsira. Haka ɓoye ciwo, dabbar da ake farauta ba ta nuna rauni sai abin ya ci ƙarfinta. Shi ya sa Auta ta daɗe tana ramewa ba a gane ba, kullum dama a ɓoye take, da ɓuyar ta ƙaru sai aka ce ai halinta ne. Da Toka ce ta yi rabin wannan shirun da tun ranar farko an garzaya da ita asibiti.

Wajen likita

Washegari aka kai Auta wajen likitan dabbobi da ya saba da irin waɗannan ƙananan dabbobi, don ba kowane ne ya saba ba. Ya hura gashin ƙugunta ya buɗe sai ga tabon cizo guda biyu, ɗaya ya fara kumbura, kuma wallahi da ido ba za ki taɓa gani ba saboda cikar gashin. Ya duba haƙora da kyau. Cincila haƙori 20 gare ta kuma dukansu girma suke har ƙarshen rayuwarta, na gaba huɗu da na ciki 16, taunar busasshiyar ciyawa ce ke goge su, in ta daina ci sai na cikin su yi tsini su dinga yankar harshe da kumatu, daga nan sai ki ga miyau na jiƙa mata haɓa. Alhamdulillah nata ba su kai nan ba, na gaban ma kalarsu ruwan lemo yadda ake so. Cikinta ne ya rage aiki saboda ƙarancin ci, wanda a wajensu abu ne mai haɗari don hanjinsu ba ya son tsayawa ko kaɗan. Ya wanke ciwon, ya ba da magani har da na rage zafi, ya nuna wa ƙanwata yadda za ta dinga ba ta dammamen abincin ciyawa da sirinji kaɗan kaɗan har ta koma ci da kanta.

Aka ba Auta kejinta ita kaɗai, da ciyawar timoti, wato irin busasshiyar ciyawar da ake ba su, a wuri biyu, ɗaya har cikin akwatin ɓuyarta. Kashinta ne ya fara gyaruwa kafin komai, sannan nauyi ya fara dawowa.

Zaɓin da ya yi wuya

Abin da ya rage shi ne wa za ta zauna da wa. Hanya mafi sauƙi a bar Toka da Madara yadda suke da, Auta ta zauna ita kaɗai, kuma da haka aka fara. Amma Auta ita kaɗai ba ta sake ba, tana ci dai amma ba ta hawa wilin gudu, kwanon wankan ƙura ma sai ta tsaya a gefe tana kallo, alhali cincila lafiyayya da ta ga ƙurar wanka ba ta iya haƙuri, faɗawa take ta yi ta birgima. Sai muka gwada fito da ita wasa tare da Toka kawai. Nan muka ga wata Auta daban, duk inda Toka ta sa ƙafa nan take sawa, Toka ta shiga kwanon ƙura ita ma ta faɗa, Toka ta hau cinyar ƙanwata ita ma ta ɗora hannu biyu a gwiwarta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ita irin wadda sai ta ga wata ta yi abu ba abin da ya same ta sannan take yarda.

To amma da aka mayar da Toka kejinsu da ƙanshin Auta a jikinta sai Madara ta tashi mata, ta kaɗa haƙora ta bi ta, abin da ba ta taɓa yi mata ba tun suna yara. An sake gwadawa tare da barin Toka ta yi wanka a ƙurar Madara kafin ta shiga, ya ɗan rage amma bai hana ba. A nan ya fito fili Toka ba za ta iya zama ta kowa da kowa ba, sai an zaɓa.

Ƙanwata ta ce Yaya ni raba waɗanda suka taso tare yana min nauyi. Na ce ni ma yana min, amma mu duba wacce ce za ta iya zama ita kaɗai ba tare da ta lalace ba. Toka ba za ta iya ba, ko ɗan raba ta aka yi don share keji sai ta kama cizon waya tana kuka. Auta mun riga mun gani. Madara ce kaɗai wadda abin da ta fi so a duniya shi ne kantarta da ciyawarta da a sosa mata haɓa. Ana yawan cewa cincila dabbar garke ce dole a ajiye ta bibbiyu, kuma gaskiya ne ga mafi yawansu, amma na ga waɗanda hankalinsu bai kwanta ba sai da aka ba su kejinsu, in dai suna jin motsin 'yan uwansu kuma mai su na ba su lokaci. Uku kuwa ni ban cika ba da shawararsa ba, sau da yawa biyu ke haɗa kai ɗaya ta zama saniyar ware.

Haka aka yi. Aka wanke babban kejin tas aka canza wa kantoci wuri don kar ya zama na kowa, aka saka ma'ajin ciyawa biyu da kwalbar ruwa biyu da akwatin ɓuya mai ƙofa biyu yadda ba wadda za a iya toshewa a ciki, aka saka Toka da Auta. Madara aka ba ta nata kejin da tsohuwar kantarta, a ɗaki ɗaya, da tazarar da haƙori ba zai kai yatsar wata ba ta tsakanin waya.

Inda ake yanzu

Daren farko Madara ta yi ta kira da wata 'yar ƙaramar murya Toka na amsawa, wannan ya ɗaga wa ƙanwata hankali har ta so ta fasa. Na ce ta bi sikeli da kashi, in Madara ta rage ci to mu sake lissafi. Ba ta rage ba, nauyinta na nan, kiran ma ya ja baya, yanzu ita ce ke fara zuwa bakin keji in an shigo ɗaki, wanda da Toka ke tare mata gaba. Auta gashin cinyarta ya fito amma kalar wurin ba ta gama daidaita ba, tana cin gashin jefi jefi in an yi baƙi ko an motsa kayan ɗaki, kuma har yau ba ta yarda a ɗauke ta, iyakacinta ta hau hannu ta sauka da kanta. Ban sa ran hakan zai canza sosai ba kuma na gaya wa ƙanwata kar ta matsa mata.

Cincila tana kai shekara 15, wasu har 20, to wannan tsarin ba lallai ya dawwama ba, musamman da yake Auta ba ta gama girma ba kuma mace in ta cika ta kan nemi matsayi, wata rana tana iya ƙin yarda Toka ta hau bayanta. Saboda haka kyamarar tana nan ba a cire ba, ana auna su ukun duk mako a rubuta a littafi, kuma akwai ƙaramin keji na uku a naɗe a bayan ƙofa ko da za a buƙace shi.